Ranar da mota ta ajiye ni a Sweetwater

Alhamis, Sweetwater, jihar Texas.

Tun jiya da daddare motata ta fara zafi, ina kan babbar hanyar I-20 da lodin da zan sauke a El Paso. Na lallaɓa ta har na shigo Sweetwater na kwana a tashar manyan motoci. Da safe bakanike ya leƙa ya ce famfon da ke zagaya ruwa a injin ne ya gaji, sabo kuma sai an kawo daga Abilene, ba zai iso ba sai bayan la'asar. Na sanar da ofis, na ci ƙwai da burodi, na zauna ina kallon fankokin lantarki suna juyawa a bayan gari. Garin nan iska ce arzikinsa, sai kuma macizai, don duk watan Maris suna yin bikin kama su.

Mai garejin ne ya gaji da ganina. Ya miƙo min makullin wata tsohuwar a-kori-kura, ya ce in je filin jirgi na Avenger a yammacin gari, akwai gidan tarihin matan da suka tuƙa jiragen soja a yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila.

Wurin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Tsohon rumbun jirage ne da aka gina tun 1929, an share shi an zuba kaya. Wata dattijuwa 'yar sa-kai ce ta tarbe ni, kuma da yake baƙi ba su da yawa, sai ta ɗauke ni kamar ɗan makaranta ta yi ta zagayawa da ni. Da ta ji aikina ta yi dariya ta ce ai na zo gidan 'yan'uwana. Gaskiyarta. Babban aikin matan nan, waɗanda ake kira WASP, dako ne irin nawa: a ɗauko sabon jirgi daga masana'anta a kai shi sansanin soja ko tashar ruwa, a sa hannu a takarda, a nemi hanyar komawa a ɗauko wani. Bambancin kawai, ni in injina ya yi gardama sai in gangara gefen titi in kunna wutar haɗari.

A 1942 aka fara. Amurka tana ƙera jirage fiye da yadda take samun matuƙa, mazan kuma ana buƙatarsu a fagen daga. Mata biyu suka ja ragamar abin, Nancy Love da Jacqueline Cochran, kowacce da tata tawagar, kafin a haɗe su wuri ɗaya a watan Agustan 1943. Mata kusan 25,000 suka nema, aka ɗauki 1,830, waɗanda suka kammala horo 1,074, yawancinsu a nan filin da nake tsaye. Kafin a sallame su sun yi tafiyar mil miliyan 60 a sama.

An shirya wani ɗaki irin wanda suke kwana a ciki. Gadajen ƙarfe, mutum shida a ɗaki, ɗaki biyu banɗaki ɗaya. Kayan aikin da aka ba su na maza ne, sai an naɗe hannu an naɗe ƙafa, a hotuna sai ka rantse yara ne suka sa rigar babansu. Lokacin horo dala 150 ake biyansu a wata, bayan an gama dala 250, kuma a ciki za su biya kuɗin abinci da wurin kwana. Kuɗin motar zuwa Sweetwater ma daga aljihunsu ya fito.

Dakon jirgi shi ne mai sauƙin. Akwai waɗanda aka tura sansanin Camp Davis a North Carolina, aikinsu su ɗaura wani dogon ƙyalle a bayan jirgi su ja shi a sama, sojojin da ke koyon harbo jirage su yi ta ɓarin wuta a kansa daga ƙasa da harsashi na gaske. Masu koyo fa. Wasu jiragen sun sauko da huji a jikinsu. Akwai masu gwada jirgin da aka gama gyarawa, wato kafin a yarda namiji ya hau, su za su fara tashi da shi a gani ko bakanike ya yi aikinsa. Ni da na baro motata a hannun bakanike yau da safe, wannan ya tsaya min a rai. A 1944 kuma, da matuƙa maza suka riƙa ɗari-ɗari da babban jirgin B-29 saboda injinsa na yawan kama wuta, Paul Tibbets, wanda daga baya ya jefa bam a Hiroshima, ya koya wa mata biyu, Dora Dougherty da Dorothea Moorman, suka riƙa sauka da shi a sansanoni don mazan su ji kunya su hau. Dabarar ta ci. Da ta ci kuma sai aka dakatar da matan.

Talatin da takwas ne suka mutu a bakin aiki. Na daɗe a gaban hotunansu. Ɗaya daga cikinsu, Cornelia Fort, tana sama tana koyar da wani ɗalibi a Hawaii ranar 7 ga Disamban 1941 da jiragen Japan suka afka wa Pearl Harbor, ta sha da ƙyar. Ajalinta yana Texas. Ranar 21 ga Maris 1943 wani jirgi da suke tafiya tare ya gogi fiffiken nata, ta faɗo kusa da Merkel. Jiya da daddare na wuce allon Merkel ina ta addu'a kada mota ta mutu min a can. Shekarunta 24. Nan take Tolulope Arotile ta faɗo min a rai, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a sojan saman Najeriya, wadda ta yi aiki a kan 'yan bindiga a jihar Neja, mota ta kaɗe ta a barikin sojan sama na Kaduna ranar 14 ga Yulin 2020. Ita ma 24. Ita dai an yi mata jana'izar soja a Abuja. Waɗannan ba su samu ba, domin a takarda ba sojoji ba ne, ma'aikatan farar hula ne. Suna fareti, suna bin umarnin hafsoshi, suna tuƙa jirgin soja, amma in ɗaya ta mutu gwamnati ba ta da alhakin kai gawarta gida. Sau da yawa ƙawayenta ne ke yin karo-karo.

Wata kuma, Gertrude Tompkins, ta tashi da jirgin P-51 daga Los Angeles a watan Oktoban 1944, har yau ba a ga ita ko jirgin ba.

Na tambayi dattijuwar ko akwai baƙar fata a cikinsu, don na duba hotunan ban gani ba. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce babu. Akwai 'yan asalin Sin biyu, Hazel Ying Lee da Maggie Gee, amma baƙar mace irin Mildred Hemmons Carter, wadda ke da lasisin tuƙi a hannu, an mayar da ita saboda launin fatarta. Wato waɗanda aka danne su ma an tsaya an tace su kafin a danne su. Na ji daɗin yadda ta faɗa kai tsaye. Gidan tarihin da ya iya faɗin abin kunyar gidansu ya fi shiga raina a kan wanda ba ya komai sai kirari.

Yadda aka kore su ma abin a tsaya a kai ne. A 1944 yaƙi ya fara juyawa, an rage makarantun horar da matuƙa, malaman tuƙi maza 'yan farar hula suka ga in aikinsu ya ƙare za a kwashe su a kai sojan ƙasa. Suka sa ido a kan kujerun matan, suka yi ta kamun ƙafa a majalisa da jaridu. A watan Yuni ƙudurin da zai mayar da matan cikakkun sojoji ya faɗi da ratar ƙuri'a 19. Ranar 20 ga Disamba aka rufe shirin, kowacce ta nemi hanyar gida. Aka kulle fayilolinsu, shiru ya biyo baya na shekara talatin da wani abu.

Abin da ya tashe su, a tsakiyar shekarun 1970 sojan sama ya ce zai fara ɗaukar mata matuƙa, jaridu suka yi ta cewa su ne na farko a tarihin ƙasar. Tsofaffin nan, da yawansu sun yi jikoki, suka ce ina! Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma dakon jirage ya yi lokacin yaƙin, ya tsaya musu. To amma majalisa ba ta cin labarin baka, sai an kawo shaida. Shaidar kuwa daga gidajensu ta fito: takardun umarni, katin shaida, littafin da ake rubuta awannin tashi, har da takardar sallama da wani kwamanda ya ba ɗaya daga cikinsu irin wadda ake ba soja. Abin da mace ta cusa a ƙasan akwati shi ya ci shari'ar. A 1977 Shugaba Carter ya sa hannu aka amince su 'yan mazan jiya ne. Lambar zinare ta majalisa sai 2010, lokacin saura 'yan ɗaruruwa a raye. Ko bayan haka sai da aka sake wata rigimar: Elaine Harmon ta rasu a 2015 aka ce ba ta da gurbi a maƙabartar sojoji ta Arlington, iyalinta suka ajiye tokarta a gida, da yake su wasunsu ƙona gawa suke yi, jikarta ta yi ta safa da marwa har aka yi sabuwar doka a 2016.

Gidan tarihin kansa ba gwamnatin tarayya ce ta kafa shi ba. Ɗaya daga cikin matan, Deanie Parrish, da 'yarta Nancy ne suka faro maganar, mutanen gari suka kama, aka buɗe a 2005. Manyan takardun kuma suna jami'ar mata ta Texas a Denton. Abin da ya fi burge ni a rumbun ba jiragen ba ne. Wasu faifan siminti ne da tsofaffin suka danna tafin hannunsu a kai suka rubuta sunansu lokacin da suka dawo ziyara. Aiki ne da birkila ɗaya zai yi da buhun siminti ɗaya.

Na yi azahar a gefen a-kori-kura, iska na neman ɗauke min darduma. Ina zaune sai tunanin gida ya taso. Ni a Fagge na tashi, ƙarar jirgi ce ke tashinmu daga barci. Filin jirgin Kano ɗin nan yana cikin wannan yaƙi dumu-dumu: ana haɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, a biyo da su ta Legas, Kano, Maiduguri, a ratsa Chadi da Sudan har Masar, dubbansu. Su ma dako ne. Barikin Chindit na Zariya da na Kalapanzin a Kaduna, sunayen daga yaƙin Bama suka zo, muna faɗa kullum a matsayin kwatance ga mai adaidaita. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka kai Bama. Abin da na sani a kansa bai wuce tabon ƙafarsa da yadda yake tsawa in an taɓa adakarsa ba.

Ƙarfe biyu a nan dare ne a Kano, amma na san Baffa bai kwanta ba. Na kira shi.

"Baffa, barkanku da dare. Kun wuni lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan Amurka. Ya hanya? Ba dai wani abu ba?"

Na ce babu komai, adakar Malam Soja nake tambaya, ko tana nan. Ya yi shiru, ya ce wace irin tambaya ce wannan da daren nan. Ya ce adakar ta tafi tun shekarar da ruwa ya ci ɗakin soro, littafin sallamar kuma gara ta gama da rabinsa, amma lambobin suna wurin Gwaggo, a ƙulle a wani ɗankwali, har da mai siffar tauraro. Ya ce hoto ma akwai guda ɗaya, shi da wasu mutum uku da gajeren wando.

Na ce, "Baffa, don Allah ku sa a ɗauki hoton duk abin da ya rage, har rabin littafin, gaba da baya. Kuma a zauna da Gwaggo a naɗi maganarta a waya. Ita ce ta fi kowa zama da shi."

Ya ce Gwaggo ba ta magana in ta ga waya a gabanta, sai ta ce ana so a sa ta a rediyo. Na ce a kife wayar a kan tabarma, a fara da tambayarta waƙar da yake yi in yana wanke kakinsa. Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce ashe na tuna, ya fara rera min baiti ɗaya ya kakare a na biyu. Ya ce to, ranar Asabar zai aiki autansa, amma in turo kuɗin data da na goron Gwaggo, kuma fari take ci, kada a kai mata ja.