Kafin ka sa wa tsohon kwabo farashi

Ƙannena masu sha'awar tara tsofaffin sulalla, kwanakin nan ina yawan cin karo da hotunan kwabo mai huji a Facebook da WhatsApp, kowa na tambayar nawa za a saya. Da yawa sun dirje nasu yana ta ƙyalli, a ganinsu daraja suka ƙara masa. Duk sa'ad da na ga haka sai raina ya ɓaci, domin ni ma da hannuna na taɓa lalata irin wannan dukiya, kuma ba na so ku bi sawuna.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Kwabon nan mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, tun 1907 Turawan Ingila suka fara buga shi, daga 1912 kuma ya koma ƙarƙashin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, ana kashe shi a Nijeriya da ƙasar da ake kira Gana a yau da Saliyo da Gambiya. Na farko-farkon farare ne. A 1952 aka koma buga shi da tagulla, a 1959 Nijeriya ta fitar da nata, shi ma tagulla mai huji, aka ci gaba da kashe shi har zuwan Naira a 1973. Miliyoyi aka buga. Saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada. Wanda ya sha hannu har rubutunsa ya soma shafewa, ko a Landan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda masu tarawa ke zuba wa kuɗi shi ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, wanda fatarsa ke nan yadda ta fito daga gidan buga kuɗi.

Masu tarawa suna da ma'aunin ba kwabo maki daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949 domin manyan sulallan jan ƙarfe na ƙasarsu. Daga 60 zuwa sama shi ne kuɗin da ba a taɓa kashewa ba. A jan ƙarfe da tagulla akwai ƙarin sharaɗi, wato launi. Wanda ya riƙe jansa na asali kusan gaba ɗaya ana yi masa alamar RD, wanda ja da ruwan ƙasa suka gauraya a jikinsa RB, wanda ya rine duka BN. Kwabo biyu masu shekara ɗaya da maki ɗaya, na RD kan ninka na BN a kuɗi, domin jan ƙarfe ba ya shiri da iska da laima, kuma kaɗan ne ke kai shekara saba'in da jansu.

Nawa kwabban a cikin adudun kakata na same su, a naɗe cikin takarda a wani gwangwani, ba a taɓa kashe su ba. Wasu sun ɗan yi duhu a gefe, sai na ɗauko lemun tsami da toka na dirje su yadda ake wanke tukunya, na zaɓi mafiya kyau na fara da su. Da na aika wa wani mai saye a ƙasar waje hoto, kallo ɗaya ya yi ya ce an wanke. Sai daga baya na koyi ganin abin da ya gani. Ka riƙe kwabon da ba a taɓa ba ta gefensa, ka karkata shi a ƙarƙashin fitila guda, za ka ga haske na zagaya fuskarsa yana bin motsin hannunka. Wanda aka dirje kuwa haskensa a tsaye yake, launinsa ya koma wani ja-ja mai kodewa, in ka sa madubin ƙara girma kuma sai ka ga siraran zane-zane sun jeru ta inda tsumma ya bi. Wannan fatar ba ta dawowa. Kamfanonin tantancewa ma ba sa ba irin wannan kwabon maki, sai dai su rubuta a jikin marufin cewa an wanke, farashi ya faɗi warwas. Ko ruwa kada ka sa masa, kada ka taɓa fuskarsa da yatsa, domin gumi na barin tambari, kuma ka nisanta shi da leda mai taushi, ita ke jawo kore-koren nan da ke cin ƙarfe.

Waɗanda suka tsira daga tokar, farashi ne ya ci ni a kansu. Na shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, na ga wani ya sa wa irin nawa kuɗi mai yawa, ni ma na kafe a nan. Ban gane cewa kowa na iya rubuta adadin da ya ga dama ba, kayan su yi ta zama ba mai tayawa. Abin dubawa shi ne nawa aka biya: shafin abubuwan da aka riga aka sayar, da sakamakon gidajen gwanjo irin su Heritage na Amurka ko Spink da Noonans na Landan. Ka nemi mai shekararka, mai harafin gidan buga kuɗi irin naka, mai makinka da launinka, kuma na kwanan nan. Da na gaji da jira, ga hidimar Sallah ta matso, sai na tattara su duka na kai wa wani dillali, ya taya, ko albarka ban ce ba na sallama. Ban duba shekara ɗaya bayan ɗaya ba, ban duba ɗan harafin nan da ke nuna inda aka buga ba: H na Heaton, KN na Kings Norton, dukansu a Birmingham. Akwai ma kwabon 1956 mai H da aka buga bisa kuskure da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun Fabrairun 1952. Masu tarawa na nemansa ido rufe, ni kuwa ko karanta sunan da ke jikin nawa ban yi ba. Dillalin bai cuce ni ba, abin da na yarda da shi ya biya.

Batun tantancewa yana buƙatar lissafi. PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ta biyo baya a 1987 su ne manyan kamfanonin tantancewa da kasuwa ta yarda da su. Sukan duba sahihancin kwabo, su ba shi maki, su rufe shi cikin marufin roba mai lamba, kuma suna wallafa adadin da suka tantance a kowane mataki, inda za ka gane ko naka na cikin 'yan ƙalilan na sama. Amma ka haɗa kuɗin aikin da na aikawa da dawowa da inshora, duka da kuɗin waje. Idan jimlar ta kusa kai abin da kwabon zai kawo, bar shi yadda yake, ka sayar da shi da hoto mai kyau. Mafi yawan kwabbanmu nan suka faɗa, gara ka ji daga bakina.

In gwanjo ka zaɓa, ka tuna adadin da ake bugawa a sakamako yawanci ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya, kusan kashi 20 cikin ɗari ko fiye. A ce ka ga an rubuta dala 120, to a kan 100 aka tsaya, daga cikinta kuma za a cire taka la'adar. Ka tambayi wannan a rubuce kafin ka miƙa kaya. In kai tsaye za ka sayar, ɗauki hoton fuska biyu da gefe a hasken rana na inuwa, ba tare da gyaran launi a waya ba, ka faɗi duk tabo ko ƙwarzane da ka gani, domin mai saye zai gani in kaya sun isa, ya dawo maka da su ka yi asarar kuɗin aikawa. Ka nemi tayi daga mutum biyu ko uku, ka ware mafi kyawun ka sayar da shi shi kaɗai. Duk wanda ya ce zai saya da kuɗi masu ban mamaki amma sai ka fara tura masa na rajista ko na kwastan, rufe wayarka. Kuma kada kwabo ya bar hannunka sai ka ga kuɗin sun zauna a asusunka.