Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Cinyar Da Ban Taɓa Ba

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce mun tsaya a inda aka tura ni ƙaramin asibitin da na fara aiki, likita ɗaya tal, mu nas huɗu, ba na'urar sikanin, wuta kuma sai ta ga dama. Toh abin da zan faɗa yau har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ina wata na uku aka kawo wani yaro, bai fi shekara 12 ba, babansa na riƙe da hannunsa yana ɗingishi. Zazzaɓi, kasala, wai kuma cinyarsa ta dama na ciwo tunda ya faɗi wajen ƙwallo. Ranar layi har waje, likita na ɗakin haihuwa, ni kaɗai ce. Nayi masa gwajin maleriya ya nuna akwai, na basu magani nace su tafi. Cinyar kuwa kallonta kawai nayi, ban sa hannu ba. Fata lafiya lau, nace a raina buguwa ce zata sake shi.

Kwana 10 suka dawo, wannan karon a kafaɗa aka ɗauko shi, jiki kamar garwashi, ko miƙe ƙafar baya iyawa. Likita ya yaye zanin ya danna wajen, yaron ya ƙwala ihu, sai ya juyo yace Sista zo ki taɓa. Wallahi kamar na taɓa icce, gefe ɗaya tauri gefe ɗaya kuma in ka danna sosai kaji alamar ruwa can ƙasa. Ya ɗauko sirinji da babbar allura ya goge wajen ya soka can cikin tsoka ya ja, sai ga mugunya mai kauri tana hawowa. Sikanin ɗinmu kenan a wannan asibitin, allura.

Yana wanke hannu yake min bayani. Ciwon sunansa payomayosaitis, wato ƙwayar bakteriya ce ke bin jini ta sauka a cikin babbar tsoka, cinya ko ɗuwawu ko tsokar cikin ƙugu, musamman wadda ta taɓa buguwa, ta tara mugunya a can. Galibi sitafilokokus ce, wadda da yawanmu ke ɗauke da ita a fata da hanci ba tare da mun sani ba. Yace tun 1885 wani likitan tiyata Bajamushe mai suna Scriba ya rubuta bayaninsa, kuma a ƙasashe masu zafi aka fi ganinsa. Abin da ya soke ni shine da yace mataki uku gare shi. A sati ɗaya zuwa biyu na farko tauri ne kawai da ciwo, ko ka soka allura ba abinda zai fito, kuma a lokacin maganin kashe bakteriya kaɗai kan iya gamawa da shi ba sai an tsaga ba. Daga nan sai mugunya ta taru. Na uku shine ƙwayar ta mamaye jini ta taɓa huhu ko ƙoda ko ƙashi, anan ne ake rasa mutane. Kenan ranar da na sallame su yana matakin farko.

Da daddare muka shiga tiyata. Ketamin, wani maganin sa barci, aka bashi saboda bamu da ma'aikaci mai sa barci, kuma shi maganin baya cika danne numfashi, wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki janareto yaƙi tashi, ni na riƙe tocila. Likita ya tsaga ya buɗa tsokar, mugunya ta cika kwano, ya zura yatsa yana fasa ƙananan aljihunan da ke ciki don in aka bar ko ɗaya zai sake taruwa, muka wanke da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa aka cusa gozi aka barshi a buɗe. Baban da ya gani da safe hankalinsa ya tashi, yace Likita ba za a ɗinke ba? Yace Baba in na ɗinke na kulle ciwon a ciki kenan, daga ƙasa zai cike da kansa.

Sai allurar kuloksasilin, maganin kashe bakteriya, ta jijiya duk awa 6, dare da rana, ni na karɓi ta ƙarfe 12 da ta asuba ba wanda ya sani. Bamu da lab ɗin da zai gane mana ainihin ƙwayar da maganin da take ji, ma'aunin zafi shine jagoranmu. Rana ta uku zazzaɓi yaƙi sauka. Likita yace abu biyu ne, ko ƙwayar irin mai taurin kai ce da sai maganin bankomaisin ko kilindamaisin, ko kuma akwai wata mugunyar a wani wajen, don wannan ciwon yakan fito a tsoka fiye da ɗaya. Wannan karon ban jira kowa ba, na bi jikin yaron nan tsoka bayan tsoka da hannuna, a ɗuwawun hagu na same ta. Aka sake tsagawa, kwana biyu jiki yayi sanyi. An gwada suga da ƙanjamau saboda suna buɗe wa ciwon ƙofa, duka babu.

Da ya fara takawa baban ya matsa a sallame su, aljihu ya gaji. Na zaunar da shi nace Baba maganin nan sai ya cika sati 3 zuwa 4, za a mayar da shi na haɗiya amma kada a tsallake ko sau ɗaya. Sannan na faɗa masa abinda ke cina, cewa da na duba ƙafar tun ranar farko da ƙila ba a kai ga wuƙa ba. Yayi shiru ya daɗe, sannan yace 'yata Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ranar yaushe za mu dawo wankin ciwo?

Sati mai zuwa in Allah Ya kaimu zan baku labarin daren da likitan namu ya kwanta ciwo aka kawo mai naƙuda.