Tanip ba a shawarma kaɗai ake cin sa ba

Tunda sanyi ya shigo tanip, wato kayan lambun nan mai dunƙulalliyar saiwa da Turawa ke kira turnip, ya fara sauka daga Jos, masu sayen wanda nake tsimawa na shawarma sun dame ni da tambaya, wai Hajiya in mun sayo ɗanye me za mu yi da shi a gida. To ga abin da na sani.

Komai daga zaɓe yake farawa. Ki nemi ƙanana waɗanda ba su wuce girman ƙwan agwagwa ba, ƙasansu fari samansu shunayya, ki danna ki ji tauri, ki ɗauka ki ji nauyi a hannu. Ɗan uwan kabeji ne ai, shi ya sa in ya tsufa yake ɗaci da wari, cikinsa kuma ya yi soso. Masu kawo min kaya sun san halina, sai an zazzage buhu a gabana na ga na ƙasa kafin in biya.

A wajen gwaggona na koyi tsima shi, Allah ya jiƙan ta. Ta daɗe tana girki a gidan wasu Kwarori a Unguwar Rimi, ina yarinya nake bin ta ranar da babu makaranta, aikina wanke kwalabe da ruwan zafi kawai, wuƙa kam ba ta bari in taɓa. Ita ba ta awo sam, ta tsoma yatsa a ruwan gishirin ta lasa ta ce ya yi. Ni dai awo nake: tanip kilo 1 a fere a yanka dogo-dogo kamar na cips, ruwa kofi 3, binega fari kofi 1, gishiri babban cokali 3, tafarnuwa, sai bitrut (shi ma saiwa ce, ja wur) ƙarami guda a yayyanka a jera tsakani. A kwalbar gilashi fa, ba roba ba, ruwan ya rufe shi duka. Kwana 5 zuwa 7 za ki ga ya koma ruwan hoda har ciki, sai a sa a firij.

Bitrut ɗin nan shi ke ba da launin, kuma a nan nake da haushin masu kwaikwayo, yanzu kowa ya zama mai tsima tanip a Kaduna, su zuba kalar kek a ruwan binega yau gobe su kai wa masu shawarma a rabin kuɗina, sannan kwastoma ta zo tana ce min ai wance ta fi arha. Ki karya nasu ki gani, baya ja ciki fari fat, ga shi yana ɓata yatsa.

A girki kuwa na fi son shi a farfesun rago ko na jelar saniya. Kada ki zuba da wuri, sai nama ya kusa nuna, minti 15 zuwa 20 sun isa, ya sha romo ya yi laushi amma bai narke ba. In yara ba su saba ba ki dafa shi da dankalin turawa, dankali ya fi yawa, ki murƙushe da man shanu da ɗan masoro. In kin ci karo da mai ɗaci ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Ɗanye ma ana goga shi cikin kwado ko salak da karas.

Ganyen kuma don Allah a daina barin wa awaki. Ki wanke sosai saboda ƙasa, ki haɗa da alayyahu a miya ko faten tsaki, ɗan ɗacinsa daɗi ne da shi.

Masu biki da suna, a faɗa min da mako guda a gaba, don ba na sa kala in yi muku na gaggawa, ko nawa za a biya.