Ɗan kunnen Kaka da lissafin da nake yi a zaure

Tun da na dawo hutu ƙauyenmu ta wajen Ringim, kullum bayan la'asar ina zaure da laftof, shi ma sai na kai shagon mai sola an yi min caji tukuna. Jiya Kaka ta leƙo ta ce "kai maigidan, wai me kake ƙirgawa ne haka, ko furar ba ka taɓa ba?" Na kalli ɗan kunnen zinaren da ke kunnenta na ce wallahi Kaka asalin wannan nake bi.

Kuma da gaske nake. Cibiyar ƙwayar zarrar zinare furoton 79 ne da niyutiron 118, wato ƙananan ƙwayoyi iri biyu da kowace cibiya mai nauyi ta ƙunsa, kuma mafi yawan irin waɗannan ƙarafa masu nauyi a wurin da niyutiron ya yi ambaliya ake haifarsu, kamar karon taurarin niyutiron (gawarwakin manyan taurari da suka dunƙule suka zama kusan niyutiron zalla) guda biyu da aka gano ranar 17 ga Agustan 2017. A can cibiya sai ta yi ta haɗiyar niyutiron babu ƙaƙƙautawa har ta kai 126, to a nan take ɗan tsayawa don lamba ce da ke sa cibiya ta yi ƙarfi ta ƙi karɓar ƙarin niyutiron da sauƙi, irin su 50 da 82, daga baya ta rikiɗe ta zama filatinam ko zinare. Matsalar ita ce waɗannan cibiyoyi masu niyutiron 126 da furoton ƙasa da na dalma, da yawansu ba a taɓa riƙe su a ɗakin gwaji an auna ba, ba sa daɗewa kuma samar da su akwai wuya sosai.

To a nan aikinmu ya shigo, wato lissafa yadda za a samar da waɗannan cibiyoyi a ɗakin gwaji. Da curin furar da ke cikin ƙwarya na yi wa Kaka bayani, na ɗauki biyu na goga su da juna na raba, kowanne ya kwaso ɗan wani abu daga jikin ɗan'uwansa. Haka ake harba cibiyar zinon 136 (zinon wata iskar gas ce, lambar kuwa jimillar furoton da niyutiron ɗinta ce) kan ta filatinam 198, ba su haɗe su zama ɗaya ba, su dai gogi juna na wani ɗan lokaci da sai ka raba daƙiƙa gida 1 mai sifili 21 a bayansa, a cikin wannan gugar sai su yi musayar furoton da niyutiron. Filatinam ɗin niyutiron 120 gare shi, in ya samu 6 ya kai 126 kenan. An yi wannan gwajin a GANIL, wani wurin binciken nukiliya da ke Faransa, sakamakon ya fito a 2015, kuma tun 2008 masana biyu, Zagrebaev na Dubna a Rasha da Greiner na Jamus, suka nuna da lissafi cewa hanyar musayar nan za ta iya kai mutum wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin lissafin kansa. Akwai wani da ake kira GRAZING, in musayar ƴar kaɗan ce, ƙwaya ɗaya ko biyu, yana faɗa daidai abin sha'awa, amma da zarar furoton da yawa sun sauya gida sai ya faɗi ƙasa ƙwarai da yawan cibiyoyin da ake samu a zahiri, kuma can ɗin ne fa muke nema! Ga wata kuma, cibiyar da ta fito daga karon da zafinta take fitowa, wajen hucewa sai ta zubar da niyutiron ɗin da aka sha wuya aka ɗora mata, kamar ka ɗebo ruwa da tulu mai yoyo. Dole sai ka lissafa karon sannan ka lissafa hucewar, ka yi kuskure a ɗaya duk ya lalace. Ni dai ba na yarda da wani zanen sakamakon lissafi komai kyansa sai an ɗora shi kan abin da aka auna, saboda lokacin injin da ke harba cibiyoyin tsada gare shi, masana layi suke bi a wuraren bincike irin su RIKEN ta Japan da GSI ta Jamus, lissafin da ya ɓatar da su ya ci musu watanni.

Kaka ta saurara har ƙarshe, ta shafa ɗan kunnen ta ce "ikon Allah, ashe daga nesa ya zo." Sai ta ɗauki curin furar nan biyu ta tafi dama min, batirin saura kashi 12 kuma lissafin bai kai rabi ba.