Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ƙishirwa a Bakin Nilu

Makon jiya na kawo ku har Malakal, babban birnin jihar Nilu ta Sama a Sudan ta Kudu, inda na kama shago a kasuwa ina gyaran injinan ban-ruwa da famfunan tuƙa-tuƙa. Yau za mu shiga shekarar da komai ya wargaje. Sai dai zan fara bi da ku ta ƙasar da yaron shagona ya fito, domin wanda bai san yadda rani yake a can ba, ba zai gane rigimar da na gani a layin ruwa ba.

Yaron ɗan ƙabilar Nuwer ne, ɓangaren Lou, daga wajen Waat a jihar Jonglei. Dogo ne siriri, da zane shida a goshi daga kunne zuwa kunne, irin wanda ake yi wa samarinsu idan sun isa maza. Usta yake ce mini, kamar yadda ake kiran kowane mai sana'ar hannu a Sudan, ni kuma ina ce masa ɗana. Da Larabcin kasuwa muke magana. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kawo sifana" ba.

Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba dutse, baƙar laka iya ganinka. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa yake kwanciya a kanta, mota ba ta shiga, mutane su tattare a 'yan wuraren da suka ɗan ɗaga suna noman dawa. Daga Disamba kuma sai ƙasar nan ta bushe ta tsattsage kamar faso a dugadugin tsohon manomi. Tafkuna su ƙafe. Hafirai, wato manyan ramukan da ake haƙawa don tara ruwan damina, su koma kwaɓaɓɓiyar laka da saniya ma sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Mutumin da ya yi wata biyar yana tafiya cikin ruwa har gwiwa, shi ne a watan Fabrairu matarsa za ta fita da asuba neman jarka guda, ba ta dawo ba sai rana ta take.

To shanu fa? Su ne sadaki, su ne diyya, su ne abinci, da sunan sa ake yi wa saurayi kirari. Ba a zama da su a inda babu ruwa. Dole 'yan Lou su kora garke: ko arewa zuwa kogin Sobat, ko yamma zuwa fadamun da ke gefen babbar dausayin Sudd, waɗanda ake kira toic. Fadamun yamma kuwa da masu su, 'yan Dinka na Duk da maƙwabtansu. Kowace shekara sai dattawa sun zauna an shirya: ta ina za a bi, a ina za a yi mashekari, wa zai biya saniyar da ta ɓace bara. Wata shekarar a shirya lafiya har a ƙulla aure, wata shekarar a zubar da jini. A farkon 2006 aka ce wa 'yan Lou ba za su shiga fadamar Duk ba sai sun ajiye bindigogi. Suka ce in mun ajiye, wa zai tsare mu daga maharan ƙabilar Murle? Magana ta ƙi, aka gwabza da sojojin SPLA, wato rundunar Kudancin Sudan, tun daga Yuai, rikicin ya ja har watan Mayu. A wannan ranin uban yarona ya rasa garkensa, shi ya sa ɗan makiyayi ya ƙare a shagon Bahaushe yana wanke sifanoni.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai idan na tuna. A 1978 aka fara haƙa magudanar Jonglei, mai tsawon kilomita 360, don a zagaye Sudd da ruwan Farin Nilu ya isa arewacin Sudan da Masar bai ɓata a dausayi ba. An haƙa kusan kilomita 240, yaƙin da ya tashi a 1983 ya tsayar da aikin, ƙaton injin haƙar yana can yana tsatsa a daji. An samu kuɗin kai ruwa Masar, amma rijiyar da matar Waat za ta ɗiba a kusa da gida ba ta samu mai ɗaukar nauyi ba.

A ranin 2012 wata ƙungiyar agaji ta ɗauke mu gyaran famfuna a ƙauyukan kan iyakar Duk da Uror. Famfunan duk India Mark II ne. A ƙa'idar masu agaji, famfon hannu ɗaya na mutum 500 ne. Wanda muka tarar a wani ƙauye gari guda yake shayarwa, haɗe da maruƙa da awaki, ana tuƙa shi tun kafin assalatu har tsakar dare. Abin da ya kashe shi robar cikin silinda ce ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na buhun sukari ba. Amma kafin ka kai gare ta sai ka kwance kan famfon, ka cire sarƙa, ka riƙa ɗago bututu ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, cike da ruwa, mutum biyu na riƙe da manyan sifanoni, in ya kuɓuce ya faɗa rami shi ke nan an yi asarar rijiya. Muna wannan aiki, jarkoki na jere an zura musu igiya ta hannu don kada wata ta tsallake wata, matan kuma suna zaune a rana ba wadda ta tafi. Matan Nuwer da na Dinka ne a igiya ɗaya. An yi cacar baki kam, har da jan jarka, amma duk a kan wa ya riga wa zuwa ne. Ban ji wadda ta ambaci ƙabilar wata ba. Da ruwa ya fito, wani dattijo ya jawo mana rago.

Ranar 15 ga Disamba 2013 sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Juba, babban birnin ƙasar, suka buɗe wa juna wuta. Shugaba Salva Kiir, ɗan Dinka, ya ce Riek Machar, ɗan Nuwer, wanda ya sauke daga mataimaki a watan Yuli, shi ya shirya juyin mulki. Machar ya musanta. Rigimar kujera ce tsakanin manya biyu na jam'iyya ɗaya, amma cikin 'yan kwanaki aka bi unguwannin Juba ana kashe 'yan Nuwer, ramuwa kuma ta faɗa kan 'yan Dinka a Bor da Akobo da Bentiu. Tsofaffi suka tuno kisan Bor na 1991, lokacin da Machar ya ɓalle daga John Garang, shugaban SPLA na lokacin. Ranar 24 ga Disamba wutar ta iso Malakal.

Ba zan tsaya kan kasuwa ba. An wawashe ta, an ƙona abin da ya rage, shagona na ciki. Allah Ya sa na riga na tura iyali Kosti, a ƙasar Sudan. Ni da yaron muka ɗauki jakar kayan aiki muka bi ayari zuwa sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke arewa da gari, kusa da filin jirgi. Sama da mutum dubu 20 suka cunkushe a wurin da ba don zaman jama'a aka yi shi ba. Waɗansu suka zaɓi tsallaka kogi. A tsakiyar Janairu 2014 wani jirgin ruwa da aka cika fiye da kima ya nutse da masu gudu, mutum sama da 200 suka halaka, yawancinsu mata da yara.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Farin Nilu na nan kusa, faɗinsa ya isa ya shayar da ƙasa guda, mu kuma muna cikin waya muna lissafin kofi. Malakal gari ne mai shan kogi, don haka ruwan sansanin ma da tanka ake ɗebo shi, a zuba alam ya kwanta, a sa kulorin, a juye cikin manyan jakunkunan roba da ake shimfiɗawa a kan tudun ƙasa, daga nan bututu ya kai shi kan famfuna. Ƙa'ida ita ce lita 15 ga kowane mutum a rana, sha da girki da wanka. Ranar da harbi ya hana tanka fita, ko kusa ba a samu. Da ma'aikatan ruwa suka gane sana'ata sai suka sa mu cikin masu kula da kan famfuna da injin turo ruwa.

Garin ya yi ta sauya hannu: yau 'yan tawayen Machar, gobe gwamnati, jibi 'yan tawaye. Kowane sauyi kuma shi ke faɗin wanda zai iya leƙa ƙofa. In gwamnati ke riƙe da gari, namijin Nuwer ba ya fita. In 'yan tawaye ne, na Dinka ba ya fita. 'Yan Shuluk, masu yawa a garin, suna shan nasu kason. Ba a tambayar takarda, goshi ake dubawa, wanda ba shi da zane a sa shi ya yi magana a ji harshensa. Saboda haka mata ne ke fita bakin kogi da neman itace, alhali kowa ya san abin da ke jiransu a hanya. Na taɓa tare wata mai goyo a ƙofa na ce, "'Yar'uwa, ki haƙura zuwa yamma, wataƙila tanka ta shigo." Ta ce, "Usta, yaran tun jiya ba su sha ba. In ubansu ya fita kashe shi za a yi. Ni in na fita zan dawo." Ta wuce. Ta dawo ɗin, da jarka a ka, ba ta kalli kowa ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

Ranar 18 ga Fabrairu 'yan tawaye suka sake afka wa gari, faɗan kuma ya tsallako cikin sansanin kansa, da sanduna da duwatsu da wuƙaƙe, aka yi asarar rayuka. Daga ranar kowa ya ja tabarmarsa zuwa inda danginsa suka fi yawa. Ba wanda ya rubuta doka, amma famfuna suka samu masu su: wannan na Nuwer, wancan na Dinka, na can na Shuluk. Yarinya ta yi kuskuren layi sai a watsar mata da jarka. Ni da na ga matan nan a igiya ɗaya shekara biyu kacal kafin wannan, ba wanda zai gamsar da ni cewa gaba ce ta tun kaka da kakanni, kamar yadda na ji wasu gidajen rediyon waje suna faɗa. Rikicin makiyaya a kan fadama daɗaɗɗe ne, gaskiya, amma yana da dattawan da ke kashe shi, yana da diyya. Wannan na Juba ne aka aiko mana, ba shi da dattijo.

Ni Fallata ne a bakinsu, kamar yadda ake kiran duk jikokin mutanen Afirka ta Yamma a Sudan, mu da kakanninmu suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba na cikin kowane layi, don haka ko'ina ina shiga. Yarona kuwa ba haka ba. Wata rana bututun ɓangaren Dinka ya fashe a gindin famfo, aikin kuma na mutum biyu ne. Na ce masa ya zauna, zan nemi wani. Ya ce wa ya iya yanka zare a bakin bututu in ba shi ba? Muka bari sai dare. Ya jawo hular sanyi har gira, a zafin Malakal, ya durƙusa cikin laka yana aiki bai ce uffan ba, ni nake amsa gaisuwa. Wata tsohuwa ce ta riƙe mana tocila. Na tabbata ta gane shi, domin da hular ta zame sai ta kawar da hasken zuwa ƙasa har ya gyara.

Da safe samarin ɓangarensu suka tare shi, wai yana shayar da waɗanda suka kashe 'yan'uwansa a Juba. Ya ce musu, "In nasu ya lalace, gobe layinmu za su zo da jarkokinsu. Kun manta a ina ake fara faɗa?" Wani ya tofar da yawu, aka watse. Sun daina cin abinci da shi na ɗan lokaci.

A watan Maris, da aka ji sojojin gwamnati na matsowa, ya ce mini zai bi masu tafiya Nasir ta bakin Sobat, daga can ya tsallaka Habasha, don ya ji labarin mahaifiyarsa ta nufi Gambela. Na raba kayan aiki biyu na ba shi manyan sifanoni da abin yanka zare, na ce duk sansanin da ya sauka ya nemi masu ruwa ya nuna musu hannunsa. Daga baya na samu labarin yana sansanin Leitchuor, wanda ambaliya ta mamaye a watan Agustan shekarar, aka yi ta neman inda za a mayar da mutane.

Ni na zauna har Afrilu. Ruwan farko ya sauka, sansanin ya zama taɓo, masai suka fara cikowa suna bin tsakanin tantuna, ma'aikatan lafiya na ta maganar kwalara, wadda kuwa ta ɓulla a Juba a watan Mayu. Sai ga labarin Bentiu: ranar 15 ga Afrilu an kashe mutanen da suka fake a masallacin Kali-Ballee, da yawansu 'yan kasuwa daga Darfur, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun haura 200. Mu 'yan Sudan ta arewa da muka rage muka gane cewa rashin zane a goshi ya daina kare kowa. Muka haɗa kuɗi mu 'yan kaɗan muka samu mai kwalekwalen inji da zai sauka da mu Renk, kusa da iyakar Sudan.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin hanyar Renk zuwa kan iyakar Joda, da yadda na sake komawa aikin ruwa a sansanonin jihar Farin Nilu, wannan karon a ƙasata Sudan, 'yan Kudu kuma su ne baƙi.