Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafin Sunaye

Makon jiya na tsaya ne a ranar sadakar ukun Baba, wanda ciwon ƙoda ya yi ajalinsa. Bari in ɗora daga nan.

Da 'yan gaisuwa suka watse, Inna ta miƙo mini wata baƙar leda da ta ciro daga ƙarƙashin katifarsa. Takardun asibiti ne da fankon magunguna. Lokacin ina aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya, don haka ni ce likitar gida, alhali ko allura hannuna rawa yake yi. Na baje takardun a tabarma. A cikinsu na ci karo da wata tsohuwa, ta shekara huɗu kafin rasuwarsa, an rubuta awon hawan jininsa 170 bisa 100. An ba shi maganin wata guda, ya shanye, ya ji dama-dama, shi ke nan. Ba a duba fitsarinsa ba, ba a ce ya dawo ba.

Takardar nan ta hana ni barci, saboda maganar da likita ya yi mini a Kano tana nan a kunnena. Ya ce ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum zai yi shekaru yana noma yana kasuwa tana lalacewa a hankali, sai ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa, amai ya ƙi tsayawa, sannan a garzayo. Ya zana mini matakai biyar a bayan kati. Ana auna wani sinadari a jini, kiretinin, a lissafa yadda ƙoda ke tacewa. In lissafin ya zauna ƙasa da 60 sama da wata uku, ciwo ya tabbata. In ya faɗo ƙasa da 15, mataki na biyar ke nan, sai wankin ƙoda ko dashe. A na biyar muka kai Baba. Wanki kuwa sau uku ake so a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Mu sau ɗaya muke iyawa, shi ma sai da gonar fadama ta tafi.

Duk ɗan Gashuwa ya san ciwon nan kamar yunwar cikinsa. Haka Jakusko, haka in ka bi kogi ka nufi Haɗeja. Kowa da abin da yake zargi. Wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshi ne da ake zuba wa shinkafa, wani ya ce ƙwayoyin ciwon jiki ne da manoma ke haɗiya kullum daga kemis. Goggona kuwa har ta koma ga Allah tana kan cewa jifa aka yi wa ɗan'uwanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk da surutun nan, a unguwarmu babu mai rubutawa. Wanda ya rasu a gida an binne shi da labarinsa.

Sai na sayi littafi mai bango mai kauri. Duk gidan da na je ta'aziyya, in na ji an ambaci kumburi, sai in jira a natsa in tambayi matan gida: shekarunsa nawa, mece ce sana'arsa, ruwan ina suke sha, ya taɓa hawan jini ko ciwon suga? Wasu su amsa, wasu su ja mayafi su yi shiru. Ban ga laifinsu ba, ni ma da an yi mini irin tambayar nan ranar ukun Baba da na kori mutum.

Magana ta kai kunnen Kawu. Ya aiko a kira ni zaure.

"Ke 'yar nan, ƙidayar matattu kika koma yi? Wa ya aike ki?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, masu rai nake nema."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "To ki rubuta har da abokina mai kifi, bara ya tafi."

Shekaru bayan haka, da gwamnatin Mai Mala Buni ta sa masana daga Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu su binciki lamarin, suna ɗibar jini da fitsari da ruwa, na tuna zauren nan. Amma ban iso can ba tukuna.

Abin da littafin ya fara nuna mini shi ne yawancin sunayen maza ne majiya ƙarfi, masu wuni a rana. Na ɗaga kai na dubi Yaya, ya dawo daga fadama yana wanke ƙafa, ya jefa ƙwayoyi biyu a baki ya kora da ruwan randa. Da na koma makaranta na tara kuɗin abincina na sayo gwangwanin tsinken gwajin fitsari. Sai da na yi kwana uku ina lallashi kafin ya yarda, yana cewa ni da na zama likita ba za a huta ba. Na tsoma tsinken, na ƙirga minti ɗaya. Gurbin da ke nuna furotin a fitsari, wanda ya kamata ya zauna rawaya in ƙoda lafiya take, ya rikiɗe ya koma kore.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.