Yadda na sayi mashin a Agege na hawo shi har Kura

Duk wanda ya ga lambar Legas a bayan mashin ɗina sai ya tambaye ni ko na taɓa yin acaɓa a kudu ne, toh ban taɓa ba, ni manomin shinkafa ne a Kadawa kuma kafin 2022 ko Ilori ban taɓa takawa ba. Labarin dai na gaji da maimaita shi a teburin mai shayi shi ya sa na ce bari na rubuta kowa ya huta.

Abin ya faro ne lokacin da gwamna Sanwo-Olu ya hana okada, wato acaɓa, a ƙananan hukumomi 6 na Legas daga 1 ga watan Yuni 2022, su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauran biyun, kuma ba da wasa suka yi ba don a makon farko ma an murƙushe mashina sama da 2,000 da aka kama, bidiyon ya yi ta yawo a WhatsApp muna kallo ana matse su kamar gwangwanin madara. Mu nan Kano mun san irin wannan, tun Janairun 2013 aka hana goyo a cikin birni bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, kuma da yawa cikin waɗanda suka rasa sana'a lokacin ai can Legas ɗin suka nufa. Ɗan kawuna yana cikinsu. Shi ne ya kira ni da daddare ya ce yaya, in har yanzu kana neman mashin ka taho, yara na ta sayarwa a wulaƙance suna neman kuɗin mota su koma gida. A lokacin an yi min kuɗin wani Boxer na hannu a Kano dubu 280 na kasa, shi kuma ya ce akwai na dubu 170 mai lafiya. Ban yi shawara da kowa ba sai da na riga na yanki tikiti, na ce wa Inna zan je Zariya kwana biyu. Allah ya yafe min wannan.

Da na isa Agege sai na tarar mai mashin ɗin wani matashi ne ɗan Jigawa, yana magana yana shafa tankin kamar wanda zai rabu da ɗansa, har na ji kunyar neman ragi amma dai na nema, muka tsaya a 165 da la'adar dillali dubu 3. Na tada shi bugu ɗaya ya tashi, ba hayaƙi a salansa, na zagaya layi biyu giya na shiga daidai, shikenan ni a ganina ciniki ya faɗa. Sai wani dattijo, shugaban 'yan acaɓan wajen, ɗan Sakkwato ne ya fi shekara 30 a Agege, ya ce ɗana zauna tukuna. Ya sa aka kawo rasit na asali da takardun lamba, ya sa wani yaro ya kwanta ƙasa da fitilar waya yana karanto lambar inji da ta jikin ƙarfen wuya shi kuma yana bi da yatsa a takarda harafi harafi, sannan aka rubuta yarjejeniya da Turanci da Hausa, mai sayarwa ya dangwala, shaidu biyu suka sa hannu da lambar waya, aka ɗauke mu hoto ni da shi muna riƙe da makulli, aka je aka yi fotokwafi uku. Wajen awa uku wannan abu ya ci, ina ta duba agogo ina cewa a raina wannan tsoho ya cika ƙa'ida kamar za mu sayi gida.

Kowa ya ce na ɗora shi a tirela. Lokacin ana dab da babbar sallah, motocin da suka kawo raguna suna komawa arewa wayam, da kuɗi kaɗan za a ɗaure min shi na kwanta a gefe. Na leƙa wata tirelar na ga yadda aka jibga mashina kan mashina, madubi a karye, tanki a lotse, mutane kuma a saman su, sai na ce a'a ni hawa zan yi. Gaskiyar magana kuma har da son a ce na yi, ba zan ɓoye ba. Dattijon nan da ya ga na kafe sai ya ce toh ji nan: ka sayi hular kwano ka bar rawanin nan da kake naɗawa, kar ka rufe fuska ko ƙura za ta kashe ka, kar ka ɗauki jarkar mai ko ta lita biyu ce, la'asar ta yi ka nemi masauki, kuma duk awa ɗaya da rabi ka tsaya injin ya sha iska don Boxer jakin gari ne ba dokin tsere ba. Na ɗauka maganar rawani da jarka tsoron tsufa ne kawai.

Bayan asuba na fita. Ban bi ta Berger ba saboda dokar kuma ana aikin babbar hanyar Ibadan lokacin, sai ɗan kawuna ya raka ni ta lunguna har Sango Ota ya juya, na miƙe Ifo, Abekuta, na karya zuwa Ibadan. Wannan ɓangaren daɗi ne zalla, gari da sanyi, daji kore shar, ina tafiya 60 zuwa 70 ina jin kaina wani sarki. A Sabo na Ibadan na ci tuwo da miyar kuka kamar ina kasuwar Kurmi ta Kano, na ƙara mai, lokacin lita naira 165 ce a hukumance ko da yake da wuya ka samu a haka, kuma wallahi mashin ɗin nan shan mansa kamar mai azumi. Daga Oyo zuwa Ogbomosho ne na fara sanin inda na kawo kaina. Tsohuwar hanya ce siririya, tankoki da tireloli bi da bi, in babbar mota ta taho ba ruwanta da kai sai dai ka gangara gefe cikin laka, sau biyu iskar tirela tana neman kayar da ni, ga ruwan sama ya sauko na rakuɓe a rumfar wata mai sayar da doya tana min magana da Yarbanci ina cewa e se e se, wato na gode, don ita kaɗai na iya. Da magariba na shiga Ilori, na karya dokar la'asar tun ranar farko, na kwana a masallaci a Gambari, da na zo yin sujada sai da na dafa bango don cinyoyina sun ƙi lanƙwasuwa, tafin hannuna kuma yana ta zirrr kamar har yanzu ina riƙe da totur.

Washegari Bode Sa'adu, sai Jebba. Na tsaya kafin gada na kalli kogin Kwara, ni da kafin wannan tafiya ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Tiga ba, na yi hoto na tura wa matata ita kaɗai ta san gaskiyar inda nake, amsar da ta ba ni ita ce Inna ta fara tambaya.

Tsakanin Mokwa da Kutigi cen, wato sarƙar da ke juya tayar baya, ya zame. Ina cikin tafiya na ji ƙarrr, injin na ihu taya ba ta ja, na tsaya na duba, cen ya sauka ya naɗe. Na mayar da shi da hannu duk baƙin mai, ban yi kilomita biyar ba ya sake sauka, ƙarshe turawa na yi wajen minti 40 cikin rana har wani ƙauye na samu bakanike Banufe a gindin mangwaro. Ya cire murfin cen ɗin ya kira ni ya ce malam zo ka gani, haƙoran da cen ke hawa sun cinye sun yi tsini sun kwanta gefe guda kamar ƙayar kifi, kuma an ja tayar baya har ƙarshen ma'auni don cen ɗin ya yi kamar a ɗaure yake. Ni na tsaya sauraron ƙarar inji da kallon hayaƙi, ban ce a buɗe murfin da noti huɗu ne kawai ke riƙe da shi ba. Ban ga laifin yaron da ya sayar min ba sosai, shi ma haka yake lallaɓawa a cikin gari. Babu kayan a ƙauyen, sai da yaron bakanike ya hau wani mashin ya je Kutigi ya sayo, na sa aka yi juyen baƙin mai gaba ɗaya, wanda ya fito baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwan shayi. Dubu 9 ta tafi da awa huɗu, matar bakaniken ta kawo min shinkafa da kifi ba ta karɓi ko sisi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne bayan na bar wajen, kafin gadar Wuya ta kan kogin Kaduna. Wasu 'yan banga sun sa itace a hanya, su wajen takwas da bindigogin toka da adduna, suna barin motoci suna wucewa amma da suka hango ni tun daga nesa suka miƙe. Sai a lokacin maganar tsohon nan ta dawo min. A shekarar 2022 a jihar Neja, saurayi Bahaushe shi kaɗai a kan Boxer da lambar wani gari, ai kamannin mutanen da suke ƙone musu ƙauyuka ne sak, irin mashin ɗin da 'yan bindiga ke hawa kenan su uku uku, har gwamnatin jihar ta taɓa taƙaita sayar da irinsa a 2021. Suka ce na sauka na zauna a ƙasa, suka zazzage jakata, suka ɗaga kujera, wani ya kama hannuna yana duba yatsuna da kafaɗata wai ko akwai kantar rataya bindiga, wani yana ta maimaita ina jarka, wa za ka kai wa. Bakina ya bushe ƙaf, na ce ranku ya daɗe manomi ne ni, ga takarduna. Babbansu ya iya karatu, ya karɓa ya sa aka karanto masa lambar inji daidai yadda aka yi a Agege, ya duba hoton da muka yi da mai sayarwa, sannan ya kira lambar shaida na farko a sifika. Allah ya sa dattijon ya ɗauka bugu biyu, na ji muryarsa yana cewa eh na san shi, ɗan Kura ne mai taurin kai, mun ce ya hau tirela ya ƙi. Suka fashe da dariya, aka ba ni ruwa a moɗa, babban ya ce da rawani ka zo mana ko da mai a jarka da ba ma tsaya karanta takarda ba. Har yau ban iya jin haushinsu ba, kuma ban iya mantawa da zaman ƙasan nan ba, ƙafata tana rawa har na isa Bida.

Rana ta uku ba abin faɗa sai ramuka. Bida, Agaie, Lapai, Lambata, hanya ce da tireloli suka kwaɓe, wani wajen ma mashin ya fi mota sauri don ina ratsawa ta gefe ina wuce layin manyan motoci da suka kwana a wajen. Faci ɗaya na yi a Lapai. Na isa Suleja da wuri amma na ƙi ci gaba, saboda wata uku kacal kenan da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, kuma sunayen Katari da Rijana kaɗai sun isa su sa mutum ya nemi wajen kwana. Tun a Mokwa ma dalilin da ya sa ban bi ta Tegina da Birnin Gwari ba kenan duk da ta fi kusa.

Da safe sai da rana ta fito sosai motoci suka yawaita na shiga, na laƙe a bayan wata motar haya ina karanta duk addu'ar da na sani, ban tsaya ba sai Kaduna, dokar hutun awa ɗaya da rabi ranar ban bi ta ba. Shingayen jami'ai kuwa na daina ƙirgawa, wasu su duba takarda su ce Allah ya kiyaye, wasu sai an ba da na ruwa, fotokwafi ɗaya ma a hannun wani ta zauna. Daga Zariya jikina ya saki, na fara ganin gero da dawa a gonaki, na sha fura a Kwanar Ɗangora, ana kiran la'asar na shigo Kura.

Da na zauna na yi lissafi, kuɗin motar zuwa da mai da gyara da hular kwano da abinci da na ruwa sun tasam ma dubu 45, wato mashin ya tsaya min wajen 213, har yanzu da sauƙi a kan na Kano amma kwana uku na yi ina sallah a zaune. Yanzu da aka cire tallafin mai tun 2023 ban san yadda lissafin zai kaya ba ga mai son gwadawa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe na turo shi ciki duk jar laka, ta kalli lambar ta kalle ni ta ce yanzu Zariya ce ta koma Legas? Na durƙusa na ce Inna a yi haƙuri. Ta ce tashi ka wanke shi, gobe za ka kai ni Garun Malam gaisuwar mutuwa.